Awa Biyu Daga Bergamo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin mutanen da ke cikinsa duk suna raye in ban da guda ɗaya, kuma katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Sai da Anisia da bakinta ta ce in rubuta, amma kada in ƙara wa kowa kyau, kada kuma in rage masa.

Ran Jumma'a da yamma ne, jajiberin cikar shekara guda da rasuwar mahaifiyarta. Anisia na tsaye a kicin tana juya dafaffiyar alkama da zuma, wadda za a kai kabari da safe. Gwaggo Profira, yayar babanta, tana zaune tana naɗe nama a ganyen kabeji. Tun rana tsaka bakinta bai huta ba.

"Ni dai ban ga abin da Gavril ya rasa na mijin aure ba. Injin yanka katako nasa ne, gida ya gina, kuma in kika tsaya a ƙofar nan kika yi tari zai ji ki. Gicciyen da ke kan kabarin uwarki, wa ya sassaƙa shi? Ya karɓi wani abu?"

"Na gode masa, Gwaggo. Har gida na je na gode masa."

"Godiya! Ji mini yarinya. Shekara ashirin da biyar, kin zauna kina jiran mai liƙa tayil a banɗakin mutanen Italiya."

Anisia ta ci gaba da juyi. Ana haka babanta Toader ya shigo da rungumen itace, ya zube a gefen murhu, ya kaɗe ƙanƙarar da ke kan hularsa. Daidai lokacin wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Duk su ukun suka kalle ta.

"Shi ne?" Toader ya tambaya.

"Shi ne, Baba. Doru ne. Gobe zai zo, kuma yana so ya yi magana da kai."

"Na san maganar. Amsarta ba ta canza ba."

Doru ɗan ƙauyen da ke bayan tudu ne, maraya, yana aikin gini a kusa da birnin Bergamo na Italiya. Shi ne ya ɗauko akwatin kayan mahaifiyar Anisia ya kawo har gida bayan rasuwarta, alhali ba dangin iya ba na baba. Tun daga ranar zuciyar Anisia ta tafi da shi. Sau biyu ya aiko a nema masa izini, sau biyu Toader ya ce a'a.

Anisia ta ajiye muciyar.

"Baba, Bergamo fa ba ƙarshen duniya ba ce. Awa biyu ce kacal a jirgi zuwa filin jirginmu na Suceava. Ka kira ni da safe, kafin ka gama ba shanu ciyawa na iso."

Gwaggo Profira ta daina naɗin kabeji. Toader ya ja kujera ya zauna a hankali, kamar wanda aka ɗora wa buhu a wuya.

"Awa biyu," ya maimaita. "Haka uwarki ta ce, tana tsaye daidai inda kike tsaye. Toader, awa biyu ce, kamar na je kasuwa ne. Shekara bakwai tana can tana wanke tsohuwar wasu. Ran Laraba aka bugo mini waya aka ce Veta ta faɗi. Da takalmin garke na je filin jirgi. Suka ce da hunturu sau biyu yake tashi a mako, sai Asabar. Na shiga bas. Kwana da yini ina zaune, kyandir na aljihuna, ina taɓa shi ina cewa ki jira ni. Na isa na tarar an ja mata farin zane. Ba wanda ya sa mata haske a hannu. A duhu uwarki ta tafi, Anisia."

A wajenmu babu abin da tsofaffi ke tsoro kamar mutum ya cika ba kyandir mai ci a hannunsa. Talauci ma ba su tsoronsa haka.

Hawaye suka zubo wa Anisia.

"Baba, na sani. Kullum da shi nake kwana."

"To ke kaɗai gare ni. In kin bi shi, wa zai riƙe mini nawa? Profira? Ta girme ni, kuma in ta yi barci ko ƙararrawar coci ba ta tashe ta."

"Kai, Toader, ka kiyaye ni," Gwaggo ta ce. "Ni zan binne ka in dawo in ci kabeji."

Ba wanda ya yi dariya. Anisia ta ɗauki wayar ta duba saƙon. Doru ya rubuta cewa ƙarfe bakwai na safe jirginsu zai tashi. Nan take ta lissafa a ranta: bakwai ya tashi, tara ya sauka, daga filin jirgi zuwa ƙauye bai cika awa guda a mota ba. Wani ƙarfin hali ya zo mata wanda ba ta san tana da shi ba.

"Baba, gobe ƙarfe goma Fada, limamin coci, zai fara addu'a a kabarin Mama. In Doru ya tsaya kusa da ni da kyandir a hannunsa kafin a shafa, za ka saurare shi?"

Toader ya ɗago ya dube ta.

"In kuma bai tsaya ba?"

"Na bar maganarsa. Har abada."

"Na shaida!" Gwaggo Profira ta yi maza ta ce, har da buga tebur. "Ga hoton uwarki can a bango, ita ma ta ji."

"Ke kika faɗa, ba ni na sa ki ba," Toader ya ce. "Ƙarfe nawa ya ce zai tashi?"

"Bakwai."

Ya dubi agogon bango, ya dubi ƙasa.

"To," ya ce.

Anisia ba ta gaya wa Doru abin da ta yi ba, don kada ta tayar masa da hankali. Ta dai rubuta masa cewa in ya sauka kada ya tsaya ko'ina.

Da safe Gavril ya iso da motarsa cike da tebura da bencina na zaman sadaka. Ƙato ne mai fara'a, kullum yana ƙamshin sabon katako. Ya tarar da ita a tsakar gida tana jera kyandira a kwando.

"Barka da asuba, maƙwabciya. An ce jiya an ci kasuwata ba ni nan."

"Gwaggo ba ta iya riƙe magana ba."

"Kafin in sha shayi ta iso." Ya sauke benci ya jingina da bango. "Ƙarfe nawa tsuntsun naki zai tashi?"

"Ya riga ya tashi. Bakwai."

Gavril ya tsaya da murmushi, ya karkata kai.

"Bakwai ɗin wa? Tasu ko tamu?"

Kwandon ya kusa suɓuce mata.

Agogon Italiya yana bayan namu da awa guda. Bakwai ɗinsu takwas ce a nan. Ita da ta yi shekara bakwai tana jiran awar nan ta cika kafin ta kira mahaifiyarta da safe don kada ta tashe ta, ita ce jiya zafin zuciya ya sa ta manta. Ba tara zai sauka ba, goma zai sauka. Lokacin da Fada zai buɗe baki a kabari, lokacin ƙafar jirgi za ta taɓa ƙasa.

Ta lalubo wayar, ta kira Doru. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Gavril ya daina murmushi.

"Anisia, ban faɗa don in ƙona miki rai ba. Ni ba na tashi sama, ban iya magana mai daɗi ba. Amma ina nan. Ran da babanki zai buƙaci mutum, da silifas zan tsallako."

"Na sani, Gavril. Kai mutumin kirki ne."

"Wannan kalmar kuwa ita ce ba na so," ya ce, ya koma wajen bencinansa.

Maƙabartar tana bayan coci, a kan gangare. Iska na kaɗawa, ƙanƙara ta rufe kaburbura, mutane sun kewaye na Veta kowa ya kare kyandirinsa da tafin hannu. Anisia ta zaɓi wurin da za ta riƙa hango ƙofar ƙarfe da hanyar da ta taso daga kwari.

Fada tsoho ne, kullum ana ƙorafin jan addu'arsa. Ranar kuwa sanyi ya shige shi, sai sauri yake kamar ana kora shi. Kafin ta ankara ya kai wajen ambaton sunayen mamatan gida, waɗanda ake roƙa wa rahama tare da mai kabarin. Ya ambaci Veta, ya ambaci iyayenta da na Toader, ya ɗaga hannu zai wuce.

"Fada," Anisia ta ce, "akwai kakan Mama, Ilie."

Ya ambaci Ilie.

"Da matarsa Zamfira. Da ƙanensa da ya mutu a soja, Simion."

Ya ambace su.

"Da ungozomar da ta karɓi haihuwata. Da malamar Mama ta firamare. Da, da tsohuwar da Mama ta yi jinya a can, ita ma ta rasu."

Mutane suka fara kallon juna. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Allah sarki, yarinyar nan ba ta manta kowa ba." Gwaggo Profira ta mintsine ta a hannu.

"Na san abin da kike yi," ta raɗa mata. "A gaban uwarki? Ba ki ji kunya ba?"

Anisia ba ta dube ta ba. Idonta na kan hanya. Wata mota ta ɓullo daga kwari, sai ta ga motar madara ce.

"Da mai niƙa na ƙasan gada," ta ce. "Da..."

Fada ya sauke littafinsa ya dube ta da tausayi.

"'Yata, Allah ya san sunayensu duka. Tsofaffin nan kuwa in muka ƙara jimawa, sunayensu za mu ƙara a ciki."

Aka ɗaga tiren alkama sama, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na gabansa, aka rera waƙar tunawa. Aka tsiyaya ruwan inabi a kan kabari. Fada ya ce amin. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka soke kyandiransu a ƙanƙara suka juya.

Ƙofar ƙarfe tana nan a buɗe, ba kowa.

Anisia ta tari babanta a bakin ƙofar bayan kowa ya yi gaba.

"Baba, ka sani. Jiya da na ce bakwai, ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni na rantse?"

"Shekara bakwai ina kallon agogon nan ina cire awa guda. Ko a mafarki ba na manta shi."

Ta fashe da kuka.

"Me ya sa ba ka ce, Anisia, sake lissafi ba? Kalma ɗaya, Baba! Ni 'yarka ce, ba abokiyar gabarka ba."

Bai sassauta ba.

"Da na faɗa miki, da kin ce tsoho ne mai taurin kai. Yanzu kin tsaya a kan kabari kina kallon hanya, kin ji yadda abin yake. Ke addu'a kawai aka gama ba shi. Ni rai aka gama ba ni."

Ya gyara hularsa ya wuce, ya bar ta a tsaye.

An zauna cin sadaka, an kai ga tuwon masara da kabeji, sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gida. Doru ya shigo da 'yar jaka a kafaɗa da furanni a hannu, rigarsa marar kauri irin ta can, takalmansa sun jiƙe. Ya cire hula ya gaida jama'a da fara'a, shi a saninsa ya zo a kan kari.



"Sannu da zuwa, ɗan Italiya," Gwaggo Profira ta ce da ƙarfi. "Ka makara. An sa ka a caca, an kuma cinye ka."

Doru ya dubi Anisia. Ta kasa haɗa ido da shi. Gwaggo ce ta zayyana masa komai a gaban mutane, ba ta rage ko ɗaya ba, har da sunan mai niƙa na ƙasan gada. Wasu suka sunkuyar da kai. Gavril ya tashi ya fita waje kamar zai duba motarsa.

Doru ya ajiye furannin a gefen tebur, ya je ya tsaya gaban Toader.

"Baba Toader, ku ba ni izini in ce wani abu."

"Faɗi."

"Ba laifinta ba ne. Ni na koya mata maganar awa biyun nan. Kuma ba gaskiya ba ce."

Anisia ta ɗago da sauri.

"Doru!"

"Bari in gama. Awa biyu a sama ne kawai, Baba. Tun gari bai waye ba na fito daga ɗakina. Na taka zuwa tasha, na jira bas, na bi layi, na zauna jira, na sauka na yi ta neman mota. Ran Laraba kuwa ko kuka mutum zai yi babu jirgi. Duk mu da ke can mun san haka. Muna cewa awa biyu ne don mu iya barci. Ni ma da ita nake barci. Amma nisa ne, ba zan tsaya a gidan nan a ranar nan in ce muku kusa ne ba."

Toader ya daɗe yana kallonsa. Tunda Veta ta rasu, duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce masa ai ba nisa, ƙaddara ce kawai. Wannan ne mutum na farko da ya ce masa nisa ne.

"To me ya kawo ka?"

"Na zo in ce da nisan da komai ina son ta. Ban da wani abin da zan ƙara."

Toader ya tura masa faranti.

"Zauna ka ci don ran Veta. Ba a korar mutum daga sadakar mamaci. In ka gama, ka san hanya."

Bayan la'asar Anisia ta sami Doru a bayan rumfar itace, yana tsaye ya cusa hannuwa a hammata saboda sanyi.

"Me ya sa ka faɗa masa haka? Ka ƙarasa kashe mu!"

"Ke me ya sa kika sa mu a kan agogo ba ki tambaye ni ba? Da kin kira ni, da na ce miki ko fiffike gare ni ba zan iso goma ba."

"Na ji tsoro ne. Kullum Gwaggo na kaina, kullum Gavril na ƙofa, kai kuma murya ce kawai a waya. Na so sau ɗaya in nuna musu kai ma mutum ne mai zuwa." Ta rufe fuska da gyalenta. "Ka dawo gida mana, Doru. Ka dawo kawai, komai ya wuce."

"In dawo in yi me? Tayil ɗin wa zan liƙa a nan, na garken shanu? Ki ba ni shekara biyu in kammala abin da na fara."

"Haka Mama ta ce. Shekara biyu."



"Na yi alkawari a gaban hotonta," Anisia ta ce cikin kuka. "Ban taɓa karya wa Baba magana ba. In na bi ka, duk ran da wayata ta yi ƙara sai raina ya fita. In na zauna, ban san yadda zan riƙa wucewa ta gaban injin katako ina gaisuwa ba har in tsufa."

"Ba zan ce ki karya ba," Doru ya ce. Idonsa ya yi ja. "Ina gidan ɗan'uwan babana a bayan tudu. Babu jirgi sai Talata. Kin gani, ko guduwa mutum zai yi da baƙin cikinsa, sai ya jira Talata."

Ya ɗauki jakarsa ya bi hanya. Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana.

Washegari Lahadi, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, Anisia ta ɗauki kyandir biyu da ashana daga ragowar na jiya, ta haye tudu ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Ba don in karya alkawari na zo ba," ta ce. "Kai ka ɗauko wa Mama akwatinta. Bai kamata ka koma ba ka kunna mata haske ba. Daga nan sai mu yi sallama."

Suka gangaro tare. Da suka tura ƙofar maƙabarta, sai Anisia ta ja ta tsaya.

Toader na durƙushe a gaban gicciyen. A hannunsa akwai wani kyandir da ya yi rawaya, ya lanƙwashe a tsaka kamar wanda ya daɗe a aljihu. Ba ta taɓa ganin kyandirin ba, amma ta gane shi ne wanda ya tafi da shi a bas. Yana ta ƙyasta ashana, iska na kashewa. Tsinkayen da suka ƙone sun warwatsu a kan ƙanƙara. Ya girgiza kwalin, babu saura.

Ya ji takunsu, bai waiwayo ba.

"Talata jirginka zai tashi, ko?" ya tambaya.

"Talata, Baba," Doru ya ce.



Anisia ta juya wa iska baya, ta ƙyasta ashana, ta kunna kyandirin Doru. Sannan ta kama wuyan hannunsa ta ja shi, suka durƙusa tare a gefen tsohon. Ta kare harshen wutar da tafinta, ta kai shi a hankali har bakin lagwanin kyandirin babanta, ta riƙe a nan tana jira ta ga ko tsohon zai janye hannunsa.

Bai janye ba, ita ma ba ta saki ba, har lagwanin ya kama.